Sha Uku da Sunan Auta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Uwargidana Hajiya ce ta ce in riƙa rubutu. Wai tunda saura wata bakwai in yi ritaya, gara in fara koyon zama wuri ɗaya ba tare da na cika wa mutane kunne ba. Ni da surutu! To ga shi na sayo littafi. Na sa mai shago ya zaɓo min mai manyan layuka, don littattafan yanzu layukansu a matse suke kamar ana rowar takarda.

Shekara talatin da ɗaya ina aikin lantarki, sha biyu a wannan tashar wutar, ba a taɓa rubuta min takardar gargaɗi ba. Jikokina, in kun tsinci littafin nan ku karanta wannan layin sau biyu.

Yau da ƙarfe biyu da 'yan mintuna tashar ta yi tari. Haka muke ce masa a wurin aiki. Wutar da ke zuwa mana daga madatsar ruwa, tafiyar kilomita ɗari tara, miƙaƙƙiya ce, hanya ɗaya take bi ba ta juyowa. Aikinmu shi ne mu mayar da ita irin wadda gari ke sha. Masu yin wannan aikin bawul ne guda sha biyu a wani ƙaton ɗaki da ba a shiga in akwai wuta. Miƙa wa juna wutar suke yi kamar leburori a layi suna miƙa bulo, wannan ya saki wancan ya karɓa, sau ɗari shida a daƙiƙa guda. In wanda ya kamata ya saki bai gama saki ba har aka sake ɗora masa, shi ke nan, karɓa-karɓa ta sarƙe. Sai ka ji tiransifoma ya yi gum, fitilu su ƙifta, ƙararrawa ta ɗauka. Kafin ka ajiye kofin shayi na'ura ta warware kanta.

A shekara mukan yi tari sau biyu ko uku, shi ma sai an yi tsawa a kan layi. Yau kuwa ko gajimare babu. Kuma shekaranjiya Asabar muka gama gyaran shekara, ni na rufe aikin da hannuna, komai tsaf. Dogo, abokin zamana a ɗakin kula da na'urori, ya zubar da shayi a wando. Na yi dariya har da hawaye.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

An sake yin tari, sau biyu.

Auta ce ta fara gano bakin zaren. Injiniyarmu ce, shekararta biyu da zuwa, ita ce ƙaramar kowa shi ya sa sunan ya bi ta. Yarinyar nan kanta yana ja, tubarkalla. Ta jera lokutan a takarda ta ce, "Baba, duba, duk lokacin da kamfanin narka ƙarfe suka kunna babbar tukunyarsu ne. Ƙarfin wutar gari yana ɗan durƙusawa, sai bawul ya kasa saki." Na riƙe takardar nesa na gyaɗa kai. Rubutunta ƙanana kamar ƙafar tururuwa, amma na yarda da ita.

Manaja ya yi murna ƙwarai. Babu abin da ke faranta masa rai irin laifi ya zama na maƙwabta.

Na zauna zan duba wani abu, kwamfuta ta ce lambar sirrina ta mutu. Na sani mana, tun wata biyu da suka wuce ta mutu, Allah ya ji ƙanta. Sabuntawa sai ka cika fom, ka aika hedikwata, bayan wata uku su aiko maka da haruffa sha biyu da alamomi kamar rubutun aljanu. Auta takan shiga da tata da safe ta bar ta a buɗe, mai buƙata ya taɓa. Haka muke yi, ni da Dogo, har Manaja in ya matsu. Gida ɗaya ne ai.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

Babu tari yau. Hajiya ta ce in je a duba min ido. Idona garau.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jiya na sha zama. Babbar 'yata ta turo saƙo cewa za ta iso ƙarfe uku, na ɗauki mota na tafi tashar mota tun biyu da rabi. Na zauna. Na sha lemo. Na saba da mai facin taya har ya ba ni tarihin surukansa kaf. Sai ƙarfe takwas ga ta ta sauko, tana mamakin ganina a galabaice.

Da muka dawo ina faɗa, Hajiya ta karɓi wayar ta duba. "Malam, wannan ai takwas ne." Na ce uku ne. Ta miƙa wa 'yar, ita ma ta ce takwas. Suka haɗa kai suna dariya har da riƙe ciki, uwa da 'ya, a gidana, a kan kujerun da na saya.

Gilashin wayar ne ya karce. Idona garau.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tabɗi! Yau mun ga ta kanmu.

Ƙarfe biyu da kwata aka yi tari, kafin ya lafa aka sake, aka kuma sakewa. Na'urar kariya ta ce ita ta gaji, ta rufe rabin tashar gaba ɗaya. Rabin gari ya shiga duhu da rana tsaka, minti arba'in cur. Wayoyi uku suna ruri lokaci guda. Mutumin babban ɗakin rarraba wuta yana ihu a kunnena, wai asibitoci sun koma janareto, wai jirgin ƙasa ya tsaya a kan gada. Na ce masa ranka ya daɗe ihu ba ya kunna bawul. Dogo yana ta salati yana danna abin da ba a ce ya danna ba.

Auta ce ta tayar da mu. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki da takardar matakai, tana karantowa ɗaya bayan ɗaya, murya ko rawa ba ta yi. "Baba, buɗe na biyu. Yaya Dogo, cire hannunka daga nan don Allah." Da wuta ta dawo na ce mata in na yi ritaya kujerata tata ce, har da matashin.

A bakin layinmu mai walda ya tare ni, wai Baba mai wuta, yau kuma ina kuka kai ta? Na ce ta je gaishe da dangi ne, ai ga ta ta dawo.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mutanen hedikwata sun iso, su uku. Babbansu yana da jan biro, kuma ba ya shan shayi. Ban cika yarda da mutumin da ba ya shan shayi ba.

Kamfanin ƙarfe sun aiko da amsa. Sun ce shekara goma suna kunna tukunyar nan ƙarfe biyu, ba mu taɓa yin tari ba sai watan nan, don haka mu duba gidanmu. Manaja ya karanta, fuskarsa ta yi tsawo.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun gano.

Kowane bawul in ya saki wuta ana ba shi ɗan hutu kafin a sake ɗora masa. Ratar hutu muke ce mata, da digiri ake auna ta, tamu sha takwas ce tun ranar da aka buɗe tashar. Mai jan biro ya buɗe shafin ya tarar da sha uku. Da sha uku aiki yana tafiya lafiya lau in gari a kwance yake. Amma da ƙarfin wuta ya ɗan durƙusa, hutun ba ya isa.

Ranar gyaran shekara an sauke ratar zuwa goma don gwaji. Bayan an gama, sai a riƙa danna kibiya tana hawa har ta koma sha takwas. Wanda ya danna ya tsaya a sha uku, ya rufe shafi, ya tashi. Kwamfuta ta rubuta lokacin: Asabar, ɗaya ga wata, sha biyu saura minti ashirin. Ta rubuta sunan mai lambar. Sunan Auta ne.

A gabanmu aka ba ta takardar dakatarwa, har sai kwamiti ya yanke hukunci. Ta karanta, ta ninke, ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. Ni lokacin igiyar takalmina ta kwance.

Ranar Asabar ɗin gyaran Dogo yana hutu. Manaja bai zo ba. Auta tana waje da masu gyaran famfon sanyaya bawul tun ƙarfe goma har azahar. Mutum ɗaya ne a kujerar.

Shayin yau bai yi daɗi ba, madarar ce ina jin.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi

Na wanke mota. Na sake wanke ta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An mayar da ratar sha takwas. Ƙarfe biyu ta yi, kamfanin ƙarfe suka kunna tukunya, muka zuba ido. Shiru, ko atishawa babu. Manaja ya kawo katan ɗin lemo da biskit, aka tafa. Alhamdu lillahi, gari ya zauna lafiya.

Wani abin dariya: fom ɗin lambar sirri da ke cin wata uku, yau a yini ɗaya ya fito. Kowa an ba shi tasa. Na sa Dogo ya karanta min tawa, na ce na bar hankalina a gida. Ya karanta, bai tsokane ni ba. Dogon da ko tuntuɓe na yi sai ya yi sati yana ba da labari.

Gargaɗi kawai za su yi mata. Yarinya ce, farkon kuskure ne, kuma suna buƙatar kanta. Nan da shekara biyu ta manta. Mutum mai wata bakwai a gaba kuwa, da me zai wanke nasa?

Na ci biskit huɗu. Lafiyata ƙalau.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na ce wa Hajiya zan kai mota gareji. Asibitin ido na je.

Likitar ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta zaunar da ni ta ce in karanta allo. Na karanta layin sama da murya irin ta mai labarai a rediyo. Layi na biyu na yi ƙoƙari. Na uku na ce allon nasu ya tsufa, ya kamata su canza. Ta ce sabo ne, makon jiya aka kafa shi. Sannan ta ce, "Baba, da wannan idon ka tuƙo mota har nan?" Na ce motar ta san hanya.

Ta ce yanar ido ce ta fara rufe idon dama, na hagu ma ya kama hanya. Za a yi aiki nan gaba, kafin nan ta ba ni tabarau mai kauri. Da na saka, ikon Allah! Ashe itatuwa ganye ɗaya-ɗaya gare su. Ashe motar da na wanke sau biyu duk dabbare take.

Kafin in fito na roƙe ta ta rubuta min uku da takwas a takarda, girman na kwamfuta. Na cire tabarau na duba. Na saka na duba. Ta ce lafiya, Baba? Na ce lafiya lau, wasa nake.

Tabarau yana cikin aljihun mota. In na shiga ofis da shi, tamkar na rataya allo a wuya ne.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na saka tabarau a wurin ajiye motoci, na hango Dogo yana tahowa. Ashe haka yake kallona kwanakin nan, kallon wanda ya sani.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Auta ta bugo waya. Da na ji muryarta sai da na zauna.

"Baba, ina wuni? Ya Hajiya?" Wai ta kira ne ta tuna min matatar famfo na biyu, ranar Litinin ya kamata a canza ta, kuma ta san Yaya Dogo zai manta. Ana dakatar da mutum yana tunanin matatar famfo! Na ce ya zaman gida? Ta yi dariya ta ce ta yi ƙiba, Ummanta ta sa ta gyara duk soket ɗin gidan, yanzu maƙwabta sun fara kawo fanka.

Na ce kwamiti fa, sun kira ki? Ta ce sun kira. "Na ce musu lambata ce, kuma ni na bar ta a buɗe. Suka ce to wa ya taɓa. Na ce ba na ɗakin."

Ina jin ƙarar fanka a bayanta.

Sai na ce da alama za a yi ruwa yau. Ta ce eh, Baba, da alama. Muka yi sallama.

Ba a yi ruwan ba. Kunya ta hana ni cin abinci, na ce wa Hajiya cikina ne.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Manaja ya kira ni ofis da fara'a, labari biyu gare shi. Na farko, kwamiti ya ba da shawarar a sallami Auta. Minti arba'in ɗin nan ya tayar da manya, suna son su ga an cire wani. Ranar Juma'a za a sa hannu. Ya ce abin tausayi, amma ya za a yi. Na biyu, ana shirya min allon yabo na ritaya, katako mai ruwan zinariya, yana so in zaɓi kalmomin. Shi ya fi son "shekara talatin da ɗaya babu aibu".

Na ce ya yi kyau. Wallahi haka na ce.

Da na koma kujera Dogo bai juyo ba. Can ya ce, "Baba, ni dai ranar ina hutu." Na ce na sani. Ya ce to, shi ma ya sani. Ya tashi ya haɗa shayi kofi ɗaya, nasa.

Laraba, 26 ga wata, bayan magariba

Hajiya ta je ɗauko lema a mota ta dawo da tabarau a hancinta. "Na wace ce wannan, Malam? Ko tsohuwa ka samo a waje?" Ta yi ta dariya tana cin karo da kujera da gangan, tana cewa idona garau, idona garau, da muryata.

Ban yi dariya ba. Ta lura, ta cire shi ta zauna. Na gaya mata duka, tun daga kibiyar har allon yabo. Ita ce mutum na farko da na faɗa wa da baki cewa ni ne.

Ta daɗe tana goge tabarau da bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Kwana nawa yarinyar take gida?" Na ce sha biyu. Ta ce, "Kuma kana iya cin biskit." Na fara bayanin wata bakwai da shekara talatin da ɗaya, ta ɗaga min hannu. "Ni ban auri katako mai ruwan zinariya ba. 'Yar mutane ce fa, Malam. Da tamu ce aka yi wa haka, da tuni ka fasa ƙofar ofishin."

Ta tashi ta ciro farar rigata ta hau guga. Guga ya sha duka.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je ofishin Manaja sau biyu. Na farko na aro abin huda takarda. Na biyu na mayar.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An gama.

Ƙarfe tara na shiga da farar riga da tabarau a fuska. Suna zaune su huɗu da Manaja, takardar tana gaban mai jan biro. Na ce ranku ya daɗe, kafin a sa hannu, ni na danna kibiyar. Na ga sha uku na ɗauka sha takwas ce. Lambar yarinyar na yi amfani da ita don tawa ta mutu. Ga takardar likita.

Mai jan biro ya dube ni ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na so in ce jiya. Na ce tun ranar sha huɗu ga wata. Ya rubuta. Wannan rubutun ya fi komai yi min ciwo.

Ya ce ni kaɗai ke taɓa lambar? Na ce gaskiya duk ɗakin muna taɓawa. Manaja ya shiga neman wani abu a aljihun tebur, har muka tashi bai samu ba.

An janye sallamar. Auta za ta dawo Litinin, da gargaɗi na barin lamba a buɗe. Ni an ba ni takarda mai shafi biyu, kuma an cire ni daga ɗakin kula da na'urori, zan ƙarasa watannina a sito ina ba da safar hannu da hular kwano. Maganar allon yabo ba wanda ya sake tayarwa.

Abin mamaki, fitowa na yi ina jin yunwa kamar in ci babu. Dogo ya tare ni a baranda, ya kalli tabarau ya ce, "Baba, ashe mujiya muke zaune da ita shekara sha biyu!" Ya yi dariya har ya jingina da bango. Ya haɗa shayi kofi biyu. A gida na cinye faranti biyu na nemi ƙari, Hajiya ta ce in yi a hankali, sito ba ya buƙatar mai tumbi.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidansu Auta in ba ta haƙuri. Tun a mota nake shirya yadda zan fara, don a ganina sai na yi mata bayani daga tushe. Ban same ta ba, ta je gyara wa maƙwabta firiji.

Ummanta ce ta karɓe ni, dattijuwa mai fara'a. Ta shimfiɗa min darduma, ta kawo ruwa, tana ta sa albarka. Na ce Hajiya, ni ne fa na jawo wa 'yarki wannan abin. Ta ce, "Ai mun sani, Baba. Tun ranar da ta dawo da takardar ta gaya min."

Na ce tun ranar?

"Tun ranar. Ni har na ɗauki mayafi zan zo gidanka, ta tare ƙofa. Ta ce Umma kada ki je, shi ya koya min aikin nan, ba sai an tuna masa ba. Kullum in magariba ta yi ba a bugo waya ba, sai ta ce min, Umma kwantar da hankalinki, gobe Baba zai faɗa. Kullum fa! Har na fara yi mata tsiya da shi." Ta yi dariya ta tura min kofin ruwa. "To ka gani, ba ta yi ƙarya ba. Ka faɗa."

Na ce eh, na faɗa. Ban iya shan ruwan ba. Na ce a gaishe ta, sai mun haɗu a wurin aiki.

A mota na ƙirga da yatsu, daga ranar takardar zuwa ranar da na buɗe baki. Sau goma sha huɗu yarinyar nan ta tsaya a gaban uwarta ta faɗi haka a kaina.